Kelle: Idan takardar maganin asma ta ƙi karantuwa, wa iyaye za su tambaya?

Da shigowar hunturu, ƙura kan tayar wa yara masu asma ciwonsu. A Kelle da ke gundumar Gure a jihar Damagaram, uwa kan fito daga asibiti da takardar magani da aka rubuta da hannu cikin Faransanci, wadda ba ta iya karantawa. Sau da yawa ana ɗaukar hotonta a tura ta WhatsApp ga ɗan'uwa a Yamai, Kano ko Libiya don ya hasaso sunan maganin.

A nan haɗarin yake, domin magungunan asma ba aiki ɗaya suke yi ba. Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, na shaƙa ne, yawanci cikin shuɗin mazubi, kuma yana buɗe hanyar numfashi cikin 'yan mintuna. Beclometasone kuwa na rigakafi ne da ake shaƙa kullum, ba ya ceton yaro lokacin da numfashi ya sarƙe. Prednisolone ana ba da shi na 'yan kwanaki, gwargwadon nauyin yaro. Kuskuren suna ko adadi na iya jawo asarar rai.

Tun 2006 Nijar ta mayar da kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma idan magani ya yanke a cibiyar lafiya, iyaye kan koma wurin masu tallan magani a kasuwa, waɗanda ba su da horon karanta takardar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. A 2022 kuma, yara kusan 70 sun mutu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari.

Mafita ita ce a koma wurin ma'aikacin da ya rubuta takardar, ko ma'aikacin kantin magani mai lasisi, a sa shi ya sake rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ya faɗi adadi da lokutan sha da Hausa ko Barbarci, ya kuma gwada yadda ake shaƙa. 'Yan ci-rani masu turo kuɗi su ma su dage a kan haka.

Yaron da ya kasa magana ko shan nono saboda haki, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa, a garzaya da shi asibiti nan take.