Idan Jirgi Ya Yi Nauyi, Wa Zai Sauka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Bayan da yaƙi ya rufe filin jirgin Hartum a Afrilun 2023, Port Sudan ta zama babbar ƙofar fita ƙasar waje. Mutuminmu na Managil ko Mai Wurno da ya nufi Umara ko asibiti a Masar sai ya sha doguwar tafiya a mota, ya kama masauki da tsada. Idan a ƙarshe aka ce masa jirgi ya yi nauyi, ya jira na gaba, to guzurinsa ne zai ƙare, ranar ganin likita ta wuce.

Mu fara da yi wa matuƙi adalci. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, an haɗa da fasinja, kaya da mai. Idan zafi ya tsananta iska kan yi sauƙi, ƙarfin inji ya ragu, fukafukai su kasa ɗaukar abin da suke ɗauka da sanyin asuba. Zafin bakin Bahar Maliya kuwa yakan haura digiri 40. A Janairun 2003 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a Charlotte ta Amurka, mutum 21 suka rasu. Bincike ya nuna kuskuren gyara, ya kuma nuna nauyi ya wuce kima, ya rinjaya baya. Saboda haka matuƙin da ya ƙi tashi da lodin da ya wuce ƙa'ida ya kiyaye amanar rayuka.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai ɗauki asarar. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin jirgin ruwa da ya fuskanci nitsewa: kaya ake zubarwa, ba mutane ba, kuma ba a barin asarar a kan wanda aka zubar da nasa shi kaɗai, ana raba ta gwargwadon darajar hajar kowa. Suratus Saffat ta ba mu labarin Annabi Yunus (AS) a jirgi mai cike da lodi, inda aka yi ƙuri'a. Abin da muka fahimta shi ne a fara sauke kaya, sannan a nemi masu haƙura da son ransu, sannan a bi tsarin da kowa ya gani. Sauke tsohuwar da ba ta da kowa don a bar mai hanya zalunci ne. Tikiti kuma yarjejeniyar haya ce, farkon Suratul Ma'ida ya wajabta cika ta.

Dokokin zamani ma sun kusanci wannan. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce a fara neman masu haƙura, ta sanya diyyar Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya, tare da zaɓi tsakanin maido da kuɗi ko wani jirgin. Saudiyya ta sabunta tata dokar a Nuwamban 2023, inda diyyar wanda aka hana kujerarsa don an sayar da tikiti fiye da kujeru ke iya kaiwa ninki biyu na kuɗin tikitin. Wannan ta shafi jiragen da ke tashi daga Jidda da Madina, wato ta shafi alhazanmu ranar dawowa.

Don haka wanda aka sauke ya nemi dalili a rubuce, ya adana tikiti da rasiɗin abinci da masauki, ya kai ƙorafi ga kamfanin, in ba a saurare shi ba ya kai ga hukumar jiragen sama. Neman haƙƙi ba ya karo da tawakkali.

Mu ma da namu laifin. Wanda ya ɓoye tsaraba a jakar hannu, ko ya ba ma'aikaci na goro don a kau da kai daga sikeli, ya ci amanar duk wanda ke cikin jirgin. Zamzam lita 5 aka amince wa alhaji, mu tsaya a nan.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya. Amin.