A share tsofaffin hanyoyin raba intanet kafin data ta tsiyaye

A shagunan buga takardu na kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, da ɗakunan ɗalibai a Unguwar Rimi da Malali, an saba mayar da kwamfutar tafi-da-gidanka tashar raba intanet: a buɗe hotspot, a faɗa wa abokai lambar sirri. Abin da ba a saba ba shi ne rufe ƙofar bayan an gama.

Tun daga Windows 7, wadda ta fito a 2009, kwamfuta kan ƙirƙiri wani katin wayales na cikin manhaja domin raba intanet. A 2016 Windows 10 ta kawo sabon tsari da ke ɗaukar na'urori har takwas. Ko an kashe rabon, sunan hanyar da lambar sirrinta suna nan a ajiye.

Don haka duk wayar da ta taɓa shiga za ta iya sake shigewa da zarar an kunna, ko da mai ita yana shagon maƙwabta ne. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan asara ce ta kai tsaye. A shagon da ake ajiye takardun jama'a masu ɗauke da NIN da BVN kuwa, barin baƙo a kan hanya ɗaya da kwamfutar ganganci ne. Haka kuma tarin tsofaffin hanyoyin kan rikita sabuwa, waya ta nuna ta haɗu amma babu intanet.

Gyaran ba ya buƙatar ko kwabo. A fara da sauya suna da lambar sirri a sashen Mobile hotspot. A cire tsofaffin manhajojin raba intanet irin su Connectify idan an daina amfani da su. A kashe tsohon tsarin ta hanyar buɗe Command Prompt da ikon mai kwamfuta, a rubuta netsh wlan set hostednetwork mode=disallow. Sannan a shiga Device Manager, a bayyana ɓoyayyun na'urori, a cire na wayales masu kalmar virtual a sunansu. A kiyaye kada a taɓa katin wayales na ainihi. Idan Windows ta dawo da ɗaya ko biyu bayan an sake kunnawa, ba matsala ba ce.

Nauyin bai tsaya kan masu kwamfuta ba. Ya kamata masu gyara da masu sayar da kwamfutoci na hannu a titin Ahmadu Bello da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi su riƙa yin wannan shara kafin su miƙa kaya, su kuma nuna wa mai saye yadda zai sauya lambar sirri da kansa. Mai shago kuwa ya riƙa sauya tasa duk lokacin da wani ma'aikaci ya bar aiki.