HARAJIN DA BA A BUGA MASA GANGA

Jama'a, kullum in manya na so su ƙara haraji sai su nuna mana Gana, su ce ga ƙasar da ta fi mu biya. To, yau mu zauna mu yi lissafin da kanmu, gama kuɗin namu ne.

Haraji iri biyu ne. Akwai wanda dagaci ke bi gida gida yana karɓa, irin haraji da jangali da aka soke a Kano da Kaduna a 1979. Akwai kuma wanda ke ɓoye cikin kuɗin kaya, watau kuɗin kwastan da harajin kayan masarufi da ake kira VAT. Wannan ba a kama kowa dominsa. Ka sayi turmin atamfa ko katin waya, ka biya ke nan. Masu lissafin Gwamnati sukan tara shi duka, su ɗebe abin da aka kashe wajen tallafi, abin da ya rage shi ne ainihin abin da ya zauna a baitulmali. Kowane ɗan kasuwa ya san ciniki dabam, riba dabam.

Nijeriya ta fara karɓar VAT a 1994, kashi 5 bisa ɗari, a 2020 ta mai da shi 7 da rabi. Gana ta fara a 1995 da kashi 17 da rabi, mutanen Ankara suka fito kan titi, har aka yi asarar rayuka, tilas Gwamnatin Rawlings ta janye. Sai a 1998 aka komo da shi a kan kashi 10, a 2023 ya kai 15. Lalle a nan Gana ta fi mu karɓa.

Amma ku dubi inda tulunmu ke yoyo. A 2022 VAT ɗin da aka tara a Nijeriya duka wajen naira tiriliyan 2 da rabi ne, tallafin man fetur kuwa ya ci fiye da tiriliyan 4. Watau duk abin da aka tatsa daga mai kanti da mai tebur bai isa ya cike ramin nan ɗaya ba. Man kuwa mai motoci da yawa shi ya fi shansa, wani kuma ya ƙetare iyaka da dare. Gana ta saki farashin mai tun 2015, don haka abin da ta karɓa ya fi zama a hannunta.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Kafin mako ya zagayo litar da ke ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500. Kuɗin mota ya hau, buhun gero ya bi shi. Ashe talaka ya riga ya biya ƙarin, ba tare da an rubuta masa rasit ba.

Kada kuma a ruɗe mu da cewa yawan karɓa shi ne magani. Duk da harajinta, a Disamba 2022 Gana ta kasa biyan bashin waje, a 2023 ta je Asusun Lamuni na Duniya ta karɓi rancen dala biliyan 3. Abin koyi a wurinta guda ne: wani kashi na harajin an sa masa suna, wannan na inshorar lafiya, wannan na makarantu, don mai biya ya san abin da zai tambaya.

Saboda haka ga abin da muke nema. Kafin a ƙara ko kwabo, kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta buga a fili, da harshen da jama'a ke ji, nawa ta karɓa daga asusun tarayya tun da aka cire tallafi, da abin da ta yi da shi. Ƙungiyoyin kasuwa, ran da mai neman ƙuri'a ya shigo rumfarku, ku tambaye shi wannan kafin ku ba shi tabarma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.