Lauyan kamfani yana ƙaro ilmi, lebura fa?

Babu ɗan Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada da zai ce bai san Bagauda ba. A nan ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya yake, a harabar tsohon otal ɗin nan na bakin tafki. Duk shekara ɗaruruwan ɗalibai ke zuwa daga sassan ƙasar nan sanye da baƙi da fari, su yi karatunsu su wuce. Matasanmu ne ke ɗaukarsu a babur, su ne ke sayar masu da kifin Tiga. To amma ɗan uwa, ka taɓa tambayar kanka ina suke zuwa bayan sun gama, kuma wa ilmin nasu ke yi wa aiki?

Wasunsu bankuna da manyan kamfanoni ke ɗauka aiki, irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda 'yan uwanmu ke zuwa neman ƙwadago. Lauyan kamfani ba a cika ganinsa a kotu ba. Ofis yake zaune, shi ke tsara takardar ɗaukar ma'aikaci da ta sallamarsa, shi ke faɗa wa manaja abin da doka ta yarda da wanda ta hana. Kuma ba a barinsa da ilmin da ya baro Bagauda da shi. Tun 2007 ƙa'idojin aikin lauya suka ɗora masa ci gaba da halartar darussa da bita muddin yana aikin.

Dole ma ya yi hakan, domin dokar ba a tsaye take ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 an soke ta, an kawo sabuwa a 2010. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ɗaga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta zama babbar kotu mai hurumin rikicin aiki ita kaɗai, ya kuma ba ta damar duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Daga nan kotun ta sha yanke cewa korar mutum ba tare da faɗin dalili ba bai dace ba, abin da a da ubangida ke yi hankali kwance. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba 8. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Duk wannan lauyan kamfani yana biye da shi daki-daki. Lebura kuwa, wanda don shi aka ce an yi dokokin, galibi ko sunansu bai taɓa ji ba.

A watan Yunin 2020 'yan sanda suka buɗe wata masana'antar shinkafa a Challawa, suka fito da ma'aikata sama da ɗari waɗanda aka hana fita kimanin wata uku da sunan cutar korona. A cikin birnin Kano aka yi wannan, garin da ke da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da reshen Kotun Ma'aikata. Ke nan ajiye doka a littafi ba ya tsare kowa. Azzalumi ya fi samun sakewa inda ya tabbata wanda ke gabansa bai san abin da yake bi ba.

To ga kaɗan daga abin da kake bi. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yau ake aiki da ita, ta ce kada a wuce wata uku da fara aikinka ba a ba ka takarda ba, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke ka, irin aikin, ladan da yadda za a biya, da wa'adin sallama. Ta ce kada a haura wata guda ba a biya ka ba. Kana da hutun yini ɗaya a kowane mako, da hutun kwana shida na aiki tare da biya idan ka cika shekara, da biyan kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar da ciwo ne ya kwantar da kai. Wanda ya haura wata uku ba a sallamarsa sai da sanarwar mako guda, wanda ya kai shekara biyar sai da ta wata guda, ko a biya shi madadinta. Idan inji ya cinye maka yatsu, dokar 2010 ta ce ka sanar da kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga asusun NSITF cikin kwana 7, kuma ka nemi diyya kafin shekara ta zagayo. Mutum nawa ne suka dawo ƙauye da dungulmi da kuɗin mota kawai, aka yi masu jaje, aka ce ƙaddara ce? Ciwon ƙaddara ne, babu musu. Hana diyyar kuwa aikin wani ne da ya san dokar sarai.

Kada kuma wani ya ɗauka muna yabon dokar ne. Ramuka ne a cikinta, kuma mu ne muka fi faɗawa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan aikin jinga ba, ba ta hau kan aikin gona na damina ko na rani ba. Wato mai yankan shinkafa a Tudun Wada, da mai tsinkar tumatir a Kadawa, da mai haƙar kuza a Riruwai ba tare da ko takarda ɗaya ba, duk an zagaye su. Babban kamfani ma ya iya dabarar ɗauko leburori ta hannun ɗan kwangila, don ranar da aka ji ciwo ya ce bai san da su ba. Irin wannan dabara ba jahili ke tsara ta ba. Kakanninmu sun ga diban gwamna, lokacin da Turawa suka kwashi mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza tsakanin 1942 da 1944. Na yau da alƙalami ake yinsa.

Akwai 'yan uwa da ke cewa ina ruwanmu da dokar da mutum ya rubuta. Mun ji, kuma ba mu taɓa daidaita ta da shari'ar Allah ba. Amma a buɗe babin ijara a Risala ko Muhtasar a gani. Malamai sun sharɗanta a san lada, a san aikin ko wa'adinsa, tun kafin a fara. Annabi Musa (AS) kansa da sanannen wa'adi ya yi aikin kiwo a Madyana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasasi, kuma hadisin gumin ma'aikaci ko yaran Islamiyya sun haddace shi. Wanda ya ce a rubuta masa sharaɗin aikinsa, abin da addininsa ya riga ya ba shi yake nema. Kunyar nan ta "kada a ce na cika son kuɗi" ba tsoron Allah ba ce, kuma iyalinka ne ke biyan kuɗinta.

Sai ku 'yan uwa da Allah Ya ba karatun lauya, musamman masu cin albashin kamfani. Ku je bitar, ku karanta sababbin hukunce-hukunce, domin shawara a kan jahilci cin amana ce. Amma ku sani ilmin da ke nuna wa manaja yadda zai bi doka, shi ne dai ke nuna masa yadda zai zille mata. Ranar da aka ce ka tsara takardar da za ta mayar da ma'aikacin shekara shida ɗan wucin gadi, ranar ce jarrabawarka, ba wadda ka rubuta a Bagauda ba. Ka faɗa wa manaja gaskiya a rubuce ko da zai ɓata rai. Albashin da ake biyanka na faɗa masa abin da doka ta ce ne, ba na share masa hanyar cin haƙƙin mutane ba.

Muna kira ga masu kula da majalisun karatu a Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa su ware zama guda kafin matasa su watse cin rani, su gayyato ɗan uwa lauya ya yi wannan bayani da Hausa. Mai tafiya kuma ya tanadi ɗan littafi, ya rubuta ranar da ya fara aiki, da sunan kamfanin da na ɗan kwangilar, da abin da aka biya shi kowane wata. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, kuma ya nemi kwafinsa. Idan magana ta taso, ya ɗauki littafin nan da shaidu biyu daga abokan aikinsa ya fara da ofishin ƙwadago na Kano.