Ra'ayinmu: Idan Za A Saya Wa Malama Babur, A Auna Shi Da Ita

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, zuwa makaranta ya zama babban lissafi a gidan kowane malami. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin Adaidaita Sahu kuma ya bi ta a baya. Gaskiya ne gwamnatin jiha ta amince da Naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma duk wanda ke karantarwa a makarantun da ke kewaye da Sharaɗa, Challawa ko Bompai ya san inda kaso mai tsoka na albashin yake zurarewa. Abin ya fi tsanani ga malamai mata. Namiji kan lallaɓa da tsohon babur ɗinsa. Malama kuwa sai ta hau Adaidaita biyu, wani lokaci uku, kafin ta isa ƙofar makaranta, ta kuma maimaita haka da yamma. Shi ya sa a gidajen 'yan ƙungiya da dama aka fara wata shawara da a da ba a yinta: a saya wa uwargida babur ta koya, ta riƙa kai kanta aiki.

Mun san ba kowa ne zai yi na'am da wannan ba, domin idon Kano bai saba ganin mace a kan babur ita kaɗai ba. Sai dai mu tuna cewa damuwar da ta sa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da Adaidaita Sahu a 2005 ita ce kare mutuncin mata daga hawa bayan 'yan acaɓa. Yau, bayan haramta acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, Adaidaitar ta zama abin hawan kowa da kowa, ana cusa maza da mata a kujera ɗaya. Matar da ta tuƙa kanta cikin suturarta ba ta cakuɗu da kowa ba. A Maraɗi da Damagaram, inda harshe da addini da al'ada duk irin namu ne, ma'aikata mata suna zuwa aiki a kan babur, ba wanda ke waiwayensu. Hukuncin yarda ko ƙi na mata da mijinta ne, ba na ƙungiya ba. Abin da ya shafe mu shi ne gidan da ya riga ya yarda, kada ya sayi abin da zai zama sanadin kuka.

Kuskuren da aka fi yi ɗaya ne. Maigida ya tafi kasuwa shi kaɗai, ya hau, ya murɗa, ya ji ƙarar inji ta yi masa daɗi, ya biya. Ya ce ya saya wa malama, alhali kuwa abin da ransa ke so ya saya. Wani ma dabararsa ita ce ya sayi sabo don kansa, ya miƙa mata tsohon da birkinsa sai an yi masa addu'a. Babur kamar takalmi yake, da ƙafar mai sawa ake gwada shi. Don haka sharaɗi na farko shi ne a tafi da ita. Ta zauna a kan sirdi, a ga tafin ƙafafunta biyu sun taka ƙasa sosai, ba da kan yatsu ba. Ta kama kan babur ɗin ta tura shi gaba da baya, ta ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsayuwa, ta sauke. Idan ba za ta iya yin haka ba tare da taimako ba a gaban shago, to ba za ta iya ba a tsakiyar cunkoson titin Haɗeja.

Da wannan ma'auni, manyan babura masu tankin mai a gaba, irin su Boxer da 'yan acaɓa suka fi so, ba su dace da mai koyo ba. Suna da tsawo da nauyi, sai an ɗaga ƙafa an tsallaka kafin a hau, ga kuma kuloci na hannu da ke mutar da inji duk lokacin da aka sake shi da gaggawa. Wanda ya fi dacewa shi ne ƙaramin babur mai buɗaɗɗen gaba, irin wanda muke kira Lifan ko roba-roba, mai ƙarfin inji 100 zuwa 110. Yana da giya ta ƙafa amma babu kuloci na hannu, ana tayar da shi da maɓalli, mace kuma za ta hau shi da zane ko doguwar riga ba tare da ta takura ba. Lita ɗaya kan kai shi kilomita 40 ko fiye idan injin yana da lafiya, kayan gyaransa kuma babu unguwar da bakanike bai san su ba.

Akwai abu guda da maza ba su cika tunawa da shi ba, domin bai taɓa shafarsu ba: sutura. Gefen hijabi ko mayafi da ya sauka ya shiga sarƙa ko tayar baya yana iya fizgo mace ƙasa cikin ƙiftawar ido. A tabbata sarƙar a rufe take ruf, a sa wa tayar baya kariya, malama kuma ta saba da tattare hijabinta ta zauna a kansa kafin ta tayar da inji. Silifas ba takalmin tuƙi ba ne.

Wani zai ce ƙaramin inji ba ya gudu. Mu dubi hanyoyin da za a bi. Titin Panshekara zuwa Challawa, layukan Sharaɗa, da titunan Bompai zuwa Dakata, duk hanyoyin tireloli ne da tankoki da motocin ɗaukar ma'aikata. Lokacin da malama ke hanzarin isa kafin a buga ƙararrawa shi ne lokacin da ma'aikatan dare ke fitowa, na safe suna shiga. Da damina ramuka kan cika da ruwa har ba a sanin zurfinsu, da hunturu hazo kan rufe ido. A irin wannan hanya birki mai kamawa, taya mai kyau, madubai biyu, fitila da sigina masu aiki, su ne ke mayar da mutum gida. Direban tirela ba ya ganin babur da ya raɓe a gefensa ko ya manne a bayansa, idan kuma zai yi kwana sai ya buɗe sosai sannan ya rufo. Duk mai koyo ya haddace wannan: kada ka shiga tsakanin tirela da bakin titi, ko da a tsaye take.

Batun sabo ko na hannu, aljihu ne zai yanke. Amma araha ba ta ado. Wanda zai sayi na hannu ya je da bakaniken da ya amince da shi, ya duba lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da ke cikin takardu, a rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban shaidu. Satar babura ba baƙon abu ba ce a garin nan, ba ma fatan ganin ɗan ƙungiya a ofishin 'yan sanda saboda ya ɗoki garaɓasa. Babura masu caji da suka fara yawa suna da sauƙin tuƙi, ba sa shan mai, amma kafin a biya a tambayi kuɗin sabon batir da tsawon garantinsa, a kuma yi wa kai gaskiya game da awa nawa ake samun wuta a unguwa.

Kuɗin babur bai cika ba sai an haɗa da na lamba, inshora, lasisin tuƙi na rukunin A, da hular kwano. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairu, 2009, wasu sun mayar da abin wasa har suna kifa ƙwarya a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana bayyana cewa hula mai inganci tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. A sayi wadda za ta zauna daidai a kan hijabi, a ɗaure igiyarta. Malamin da ke koya wa yara bin doka bai kamata ɗalibansa su gan shi yana karya ta a bakin ƙofar makaranta ba.

Sai koyarwar kanta. Mu da sana'armu ke nan mun fi kowa sanin cewa tsawa ba ta sa ɗalibi ya gane. Abin mamaki, malamin da zai yi haƙuri da yara saba'in a aji yakan kasa yin haƙurin minti goma da matarsa. A fara a filin makaranta ranar da babu karatu: tashi, tsayawa, kwana, birkin gaggawa. Daga nan a koma layin unguwa, sannan babban titi da sassafe, maigida yana biye a baya. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuma da kuɗin adashinta ko bashin da za a cire daga albashinta aka saya, takardu su fito da sunanta, makulli ya zauna a jakarta. Bai dace babur ɗin malama ya koma na aiken gida ko na yawon samarin gida ba, ita kuma ta koma jiran Adaidaita.

A ƙarshe, muna kira ga shugabannin wannan reshe da su ɗauki matakai uku. Ƙungiyar gama kai ta malamai ta nemi dillalai su ba da babura a farashin sari, haɗe da hular kwano, a biya sannu a hankali. A gayyaci jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA su ba 'yan ƙungiya horo a lokacin hutu, mata a kebe. Shugabannin makarantu kuma su ware wurin ajiye babura mai tsaro a cikin harabar makaranta. Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, muna kuma roƙon hukumomin ilimi su riƙa la'akari da nisan gida wajen tura malamai mata aiki, domin babur mafi aminci shi ne wanda tafiyarsa ba ta da nisa.

Allah Ya kai kowa aji lafiya, Ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya.