Ƙwayar Taki Da Makomar Manomin Auyo

A ƙarshen daminar da ta wuce na kai ziyara wajen wani ƙanen mahaifina da ke noman shinkafa a fadamar Auyo. Na iske shi a zaure ya zazzage buhun yuriya a kan tabarma yana dukansa da taɓarya, domin takin ya dunƙule ya zama kamar dutsen niƙa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Malam, haka na sayo shi a kasuwa, kuma da kuɗin tumakina biyu." Tun ranar nake tunanin yadda muke cika shafukan jaridu da maganar yawan tirelolin takin da gwamnati ta raba, alhali ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ingancin ƙwayar da ke cikin buhun ba.

Mai karatu, bari mu fara da yadda ake samar da wannan ƙwaya. Daga iskar gas ake haɗa yuriya. Bayan an ƙone ruwan da ke jikinta, takan fito a narke kamar dalma, da zafin da ya kai digiri 133. A wannan hali ba ta ɗaukuwa, ba ta kuma watsuwa a gona, sai an sanyaya ta an daskarar da ita cikin wata siffa. Tsohuwar hanya ita ce a feso ta daga ƙololuwar wata doguwar hasumiya, ɗigon yana gangarowa iska na hura shi daga ƙasa, kafin ya iso ya daskare ya zama 'yar ƙwaya kamar ta gero. Sabuwar hanya kuwa ita ce a riƙa fesa narkakkiyar yuriyar a kan ƙananan ƙwayoyi da iska ke jujjuyawa, rufi a kan rufi, har su kai girman ƙwayar dawa, wato milimita 2 zuwa 4. Ta farkon ba ta da ƙwari, tana saurin marmashewa da jan laima. Ta biyun ta fi jure dogon zango da ajiya. Idan kuma aka bar yuriya ta daɗe a narke, wani sinadari mai cutar da shuka yakan taru a cikinta. Ashe ke nan tun a ɗakin sanyaya ake fara yanke wa manomi hukunci.

Ta wannan fuska Nijeriya ta yi nisa. Kamfanin NAFCON na gwamnati da ke Onne ya durƙushe, aka sayar da shi a 2005 ya koma Notore. A 2016 Indorama ta fara sarrafa yuriya a Eleme, sannan a watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don samar da tan miliyan 3 a shekara. Manyan masana'antun nan biyu mai ƙwayar dawa suke yi, har ana fitar da ita zuwa Brazil da Amurka. To, in dai tulu ya cika haka, me ya sa mai gida ke kwana da ƙishirwa?

A ganina amsar tana kan hanya. Duk masana'antun suna bakin teku, gonakinmu kuwa suna nan Arewa. Tsakanin Legas da Haɗeja akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, da hannun dillalai barkatai, da rumbunan da ke yoyo, da masu farke buhu su sake ɗurawa. Ƙwayar da injiniya ya ɓata dare yana gyara siffarta, dare ɗaya a ɗakin da ke da laima ya isa ya lalata ta. Haka nan wajen haɗa kamfa: in aka gauraya ƙananan ƙwayoyi da manya, girgizar mota kaɗai za ta raba su, wani sashe na gona ya sha da yawa, wani ya tashi a tutar babu.

Auyo ta fi kowa buƙatar a kula da wannan. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na Kwarin Haɗeja bayan an gyara shi da tallafin Bankin Duniya. Ruwan da ake sakowa daga madatsun Tiga da Challawa yana isa gonaki, ga kuma ambaliya da kachala da manoman ke fama da su. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata abincin shuka ne, amma idan aka watsa ta a saman ruwan shinkafa, sau da yawa fiye da rabi yakan bi iska ko ya bi ruwa. Manoman Bangladash sun daɗe da samun mafita: ana matse yuriya ta zama dunƙule kamar ƙwallon magarya, a cusa ta cikin taɓo tsakanin tushe huɗu na shinkafa, ta riƙa narkewa a hankali. Cibiyar IFDC ta gwada wannan dabara a Nijeriya. Injin matsewar ƙarami ne, bai fi ƙarfin ƙungiyar manoma ɗaya a Auyo ko Kafin Hausa ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai abin da ya fi damuna. Manominmu ya raɗa wa taki sunaye, ya ce kamfa, ya ce supa, ya ce yuriya, amma har yau ba shi da kalmar da za ta bambance masa irin ƙwayar da yake saye. Abin da ba ka da sunansa, da wuya ka yi ciniki a kansa, balle ka kai ƙara. Bayanin da ke jikin buhu da Turanci yake, mai sayen kuwa Hausa yake ji, da yawa ma ajami suka fi ganewa. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta tanadi hukunci ga masu algus, sai dai dokar da ba ta sauka kasuwar Gujungu ba, ado ce kawai.

Don haka ina kira ga gwamnatin Jigawa da ta sa ingancin ƙwaya da busasshen rumbu cikin sharuɗɗan duk kwangilar taki, ta sa a rubuta bayanin buhu da Hausar boko da ajami, ta kuma taimaka wa ƙungiyoyin manoma da injinan matse yuriya. Attajiranmu su ma su dubi bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka fara shimfiɗawa a 2020, domin ranar da za a daskarar da yuriya a Kano, ranar ce tafiyar buhu za ta gajarta. Kafin nan, baffana yana can da taɓaryarsa. Allah Ya sa masu iko su ji, amin.