DARASIN MAGAMI GA 'YAN MAKARANTAR GOBIR

 Ya ku 'yan'uwa, a makarantun boko ana karantar da yara haƙƙin ɗan ƙasa da abin da ya wajaba a kansa. Malami yakan kafa hujja da Tsarin Mulkin 1999, wanda sashensa na 14 ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin hukuma, na 24 kuma ya jera wajiban ɗan ƙasa, har da biyan haraji a kan kari. Madalla.

To, amma yaron Bafarawa ko na ƙauyukan Isa da Sabon Birni, wanda ya ga mahaifinsa ya sayar da damin gero don a haɗa kuɗin da 'yan bindiga suka aza wa gari, yaya zai ji wannan karatu? Sai ya ɗauke shi tatsuniya.

Shawarata ga malamai ita ce su soma daga gida. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, bai karɓi dukiyar ba. A madadinta ya nemi abu 5: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Ku lura, biyun ƙarshe haƙƙin kowane talaka ne, almajirin Shehu ko waninsa, kuma gaba da gaba aka nema, cikin ladabi, ba da takobi ba.

Wanda ya san wannan ba zai ce neman haƙƙi baƙon abu ne daga Turai ba. Sa'an nan a gaya masa nasa wajibin ba tare da sassauci ba: kada ya zama ɗan rahoton ɓarayi, kada ya ɓoye shaida, kada ya sayar da ƙuri'arsa.

Sauran aikin yana wuyanku. Ɗan kasuwan da ke sayen shanun sata da araha, da ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an ba shi goro, suna rushe da yamma abin da malami ya gina da safe, a kan idon yaron kuwa.